Kwana 28 Bayan Sukar Allura

Jinin da ya fito a babban yatsana bai kai ƙwayar gero ba. Na zare safar hannu, na kara yatsan a hasken wayar da surukar marar lafiyar ke riƙe mini, na tsaya ina kallonsa. Tsohuwar ta ce, "'Yata, ciwo kika ji?" Na ce, "Ba komai, Inna, haska mini nan." Na ƙarasa manne filasta a hannun yarinyar, na daidaita saukar ƙarin ruwan, sannan na fita wajen bokitin wanke hannu. Ƙarfe biyun dare ya ɗan gota, tsakiyar Satumban 2024.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin karkara a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, tafiyar awa ɗaya da rabi a babur daga Marwa idan hanya ta bushe. Shekarata bakwai a wurin. Abin da ya sa nake wannan rubutu, tun da labarina ya fita abokan aiki uku sun ja ni gefe, ɗaya bayan ɗaya, sun ce su ma allura ta taɓa sukarsu kuma ba wanda suka gaya wa. Sun matse yatsa, sun shafa alkol, sun ci gaba da aiki, sun yi wata da watanni suna kwana da fargaba.

Duk wanda ya san yankinmu ya san halin Satumba. Ruwa ya kwanta ko'ina, gero ya kai bakin katanga, sauro ya samu gida. Gadajenmu takwas ne, amma a daren nan marasa lafiya sun haura ashirin, sauran suna kan tabarmi a baranda, ledojin ƙarin ruwa rataye a ƙusoshin bango. Lokacin kuma ya zo daidai da rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda ake bi gida-gida a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016. Biyu daga cikinmu sun wuni a ƙauyuka suna duba masu rabon. Ɗaya kuma an tura shi wajen Yagwa, inda ambaliyar shekarar ta raba dubban mutane da gidajensu. Sai ya rage ni kaɗai a aikin dare, dare na uku a jere, ga awon ciki da na wuni ina yi. Batirin sola kuwa ba ya kai mu ƙarfe ɗaya.

Ga kuma kwalin allura. Akwai kwalin nan mai ruwan ɗorawa da ake jefa allurar da aka gama da ita, ƙa'idarsa in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe a kai a ƙone. Namu ya cika ya batse tun la'asar, tsinaye sun leƙo ta baki, kuma shi ne na ƙarshe a sito. Da na sa wa yarinyar robar jijiya na zare allurar, sai na rasa inda zan ajiye ta, ga yara kwance a ƙasa ta ko'ina. Sai na yi abin da aka hana mu tun shekarar farko a makaranta: murfi a hagu, allura a dama, zan mayar. Zafin zazzaɓi ya sa yarinyar ta zabura, gwiwarta ta bugi hannuna. Laifin mayar da murfi nawa ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba. Amma hannun da ya kwana uku bai huta ba, ga duhu, ga rashin kwali, ko ba a daren nan ba, wata rana sai hakan ta faru.

A bakin bokiti hannuna ya kai zai matse wurin, kamar yadda kowa ke yi. Na hana shi, don matsewa ba ta fitar da cuta, sai dai ta ƙara ɓata naman wurin. Na wanke da ruwa da sabulu, na zuba ruwan Dakin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗan kwano na tsoma yatsan minti biyar kamar yadda aka koya mana. Ina tsugune, ina jin kukan kwaɗi da tarin wani yaro a baranda, zuciyata tana ta ce mini in yi shiru kawai. Wa ya gani? Wanzami dai ba ya son jarfa. Mu da muke ɗibar jinin mutane safe da yamma, mu muka fi kowa gudun a ɗebi namu.

Agogo ne ya tashe ni tsaye. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau, bayan irin wannan haɗari da lokaci yake tafiya: an fi so a sha cikin awannin farko, in ya wuce awa 72 kuwa an makara. Na je na taɓa ƙafar maigadinmu, na ce, "Baba, don Allah je ka buga wa Shef ƙofa, ka ce masa allura ta soke ni." Bai tambaye ni komai ba, ya yafa buhu a ka saboda yayyafi ya fita. Shef, shugaban asibitin ke nan, gidansa na bayan katanga, ya iso da silifa da rigar barci.

Ba a gwada jinin mutum sai da yardarsa, kuma ba a gaban dangin miji ba. Shef ya roƙi tsohuwar ta je wurin Baba su hura wuta a dama wa marar lafiya kunu. Da ta fita na durƙusa kusa da kan yarinyar. Ba za ta wuce shekara ashirin da uku ba, 'ya'yanta biyu, daga unguwar Hausawa ta bayan kasuwa. Ta dawo hayyacinta, tana gane magana. Na ce, "Ƙanwata, allurar da na sa miki ta soke ni. Muna so mu duba jinina da naki, har da gwajin sida. Kin yarda?" Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Yaya, ku duba."

Minti goma sha biyar ake jira. Shef ya jera 'yan tsinken gwajin biyu a kan tebur, ya kafa musu tocila. Nawa ya fito layi ɗaya. Nata, tun kafin lokaci ya cika, layi na biyu ya fara bayyana, siriri, yana ƙara ja. Ya sake da wani nau'in gwajin, shi ma haka. Ita kanta ba ta san tana ɗauke da cutar ba.

Shef ya tuna mini lissafin da na sani, wanda ni kaina na sha gaya wa ɗalibai masu zuwa koyon aiki: cikin mutum 1,000 da allura mai jinin mai cutar ta soka, kusan 3 ne ke kamuwa, in an sha magani da wuri kuma sai haɗarin ya ƙara raguwa ƙwarai. Amma na san ɗaya rabin karatun ma. Allurar mai rami ce, yanzu ta fito daga jijiya, mai jinin kuma ba ta taɓa shan magani ba. Duk waɗannan ƙara haɗari suke.

Allah ya taimake ni muna da maganin a kabad, wanda muke ajiye wa masu juna biyu don kada cutar ta kai ga jariri. Ƙwaya ɗaya ce mai haɗe da magani uku, tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, muna kiranta TLD. Kowace kwalba a ƙirge take da sunan mai ita, don haka Shef ya hau tudun tankin ruwa, inda waya ke kamawa, ya tashi likitan gundumar lafiya daga barci. Likita ya ce a ba ni yanzu-yanzu, takarda ta biyo baya. Ƙarfe uku da rabi na haɗiye ta da ruwan randa. Shef ya ce in je in kwanta. Ina? Akwai yara huɗu da lokacin allurarsu ta artesunat, ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ya yi. Muka raba, ya ɗauki baranda na ɗauki ɗaki, har aka kira sallah.

Tsakaninmu da asibitin gunduma akwai mayo, rafin yashin nan da ake bi da ƙafa da rani, da damina kuma ya kan ci babur da mai shi. Da safe ruwa ya kai ƙirji, sai da muka zauna a bakin gaɓa har azahar, samari suka ɗauki babur a kafaɗa suka tsallakar, ni kuma na bi bayansu da jakata a ka.

A can abin ya tafi da tsari. Likita ya rubuta yadda abin ya faru da lokacinsa, aka sake gwada ni, aka ɗebi jini don duba ƙoda saboda tenofobir, aka yi gwajin ciki, aka duba ciwon hanta nau'in B. Maganin kyauta ne, don tun watan Mayun 2007 ba a sayar da maganin sida a Kamaru, gwajinta ma an cire masa kuɗi tun farkon 2020. Na ƙoda da na hanta kuwa daga jakata suka fito.

Sai muka zo kan takardar haɗarin aiki. Akawun ya ɗago ya ce, "Madam, matirkil ɗinki?" Lambar albashin gwamnati ke nan. Na ce ba ni da ita. Ya ce, "To lambar CNPS?" wato asusun da ke biyan ma'aikaci idan ya ji ciwo a bakin aiki. Ita ma babu. Shekara bakwai ina aiki, daga kuɗin da asibiti ya tara a wata ake ba ni sefa 30,000, watan da ba a samu ba a ce in yi haƙuri. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ma'aikatan gwamnati masu kwantaragi a 2024 sefa 43,969 ne, ni ban kai nan ba. Irina muna da yawa. A yajin aikin da aka fara a watan Mayun 2023, ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya sun ce mutum 27,000 ne ke aiki a asibitocin gwamnati a haka. Na daɗe da sanin wannan, amma ban taɓa jinsa a jikina ba sai da na ga akawun ya ja layi a gurabe biyu, ya ɗan yi jim, ya ce, "Za mu ajiye ta a nan, ko da wata rana." Da cutar ta kama ni, ba takardar da za ta sa wani ya ɗauki nauyin 'ya'yana.

Likita ya rubuta mini hutun kwana uku. Na samu ɗaya. Ba wanda ya tilasta mini, Shef ma cewa ya yi in zauna. To in na zauna, shi kaɗai zai kwana ya wuni? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maigidana kuwa, na gaya masa a daren da na dawo, bayan yara sun yi barci. Tun a bakin mayo nake shirya maganar, da na buɗe baki duk ta watse. Na ce, "Malam, allurar mai sida ta soke ni, ina shan magani, kuma sai mun yi amfani da kwaroron roba har wata uku." Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Can ya ce, "Ƙarfe nawa ake shan maganin?" Na ce tara na dare. Ya ɗauki wayarsa ya sa ƙararrawa. Kwana 28 ba ranar da wayar nan ba ta yi ƙara ba, in ina aikin dare kuma ya kira. Na san ba kowace mace ke da wannan rabon ba. Ɗaya daga cikin ukun da suka ja ni gefe ta ce tsoron saki ne ya rufe mata baki.

Makon farko tashin zuciya da ciwon kai, sai suka lafa. Abin da bai lafa ba rashin barci ne. An san dolutegrabir da wannan, likita ma daga baya ya ce da na mayar da shan da safe, amma ban iya rabe tsakanin aikin magani da aikin tunani ba. In kwanta, in ji gari ya yi tsit, in tashi in haska yatsan da ya riga ya warke. Kowane ɗan zafin jiki sai in laluba wuyana ko kaluluwa ta fito, alhali damina ce, kowa na zazzaɓi. A wurin aiki hannuna ya soma rawa in na ɗauki allura. Ni da ake kira in jijiyar jariri ta ɓuya, sai ga ni ina neman ta babban mutum sau uku. Ba wanda aka tanada ya zauna da ma'aikaci ya ji abin da ke ransa. Ungozomarmu ce, wadda muke kira Yaya, ta lura. Ba ta yi mini wa'azi ba. In ta ga na tsaya da sirinji sai ta matso ta ce, "Kawo, je ki duba mini mai naƙudar can." Ta yi mini haka har hannun ya dawo.

Akwai abin da kwanakin nan suka nuna mini wanda makaranta ba ta nuna mini ba. Ranar da na koma asibitin gunduma bayan mako biyu a duba yadda maganin ke karɓata, a benci ɗaya na zauna da masu karɓar maganin wata-wata. Wata mai sayar da kifi da ta san ni ta wuce, ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta kau da kai. Kafin mako ya zagayo magana ta kai gidan suna. Kwalbar kuma ƙara take in ana tafiya, sai da na cusa auduga a ciki. Shekara nawa ina yi wa mata faɗa don sun tsallake ranar karɓar magani, ina ce musu ai kyauta ne, me ya hana ku? Ashe zaman bencin nan kuɗi ne mai tsada, su suke biya ni ban gani ba. Tun daga lokacin na daina faɗan. Wadda ta kasa zuwa, mukan shirya ta zo ranar awon ciki ko rigakafin yara, ta karɓa a cikin taro ba wanda ya sani.

Ita yarinyar, sai da zazzaɓi ya sauka bayan kwana biyu Shef ya zauna da ita ya gaya mata. Ranar da za a sallame ta ta nemi ganina. Ta kama hannuna, yatsan take nema, tana kuka tana cewa, "Yaya, ki yafe mini, na cuce ki." Na ce ba ta yi mini komai ba, ciwo ne ya kawo ta, ni na mayar da murfi. Na buɗe jakata na nuna mata kwalbata, ta buɗe ƙullin zanenta ta fito da tata. Iri ɗaya, ƙwaya ɗaya. Ni kwana 28 zan yi, ita har iyakar rayuwa. Na gaya mata abin da yake gaskiya, cewa mai shan maganin nan kullum yana rayuwarsa, ya yi aiki, ya haihu lafiya. Muka yi alkawarin ƙarfe tara tare. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yadda ta yi da mijinta da gwajin yaranta sirrinta ne, ba zan taɓa shi a nan ba.

Sakamakon hanta shi ya fi ba ni tsoro da na natsu na yi tunani. Ni ba ni da cutar, ita ma da aka aika jininta ba ta da ita. Amma likita ya tambaye ni ko an taɓa yi mini rigakafinta, na ce a'a. Sai a 2005 rigakafin ya shiga cikin alluran yara a Kamaru, mu da aka haifa kafin nan duk mun fita a ciki. Ciwon hanta nau'in B ya fi sida saurin bin tsinin allura nesa ba kusa ba: in mai jinin na da ƙwayar da yawa, wanda aka soka kuma ba shi da rigakafi, haɗarin na iya kai 30 cikin 100. Yankinmu kuma na cikin inda cutar ta fi yawa a ƙasar, kowa a nan ya san gidan da aka yi jinyar mai kumburin ciki da shawara. Allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. Na je Marwa na sayi ta farko cikin makon nan, ta cinye kusan kwatan albashina. Da na tambayi abokan aiki, mu tara ne har da maigadi da mai shara, biyu kaɗai ke da rigakafin. A ganina bai kamata a miƙa wa ɗalibi sirinji ranar farko ba sai an yi masa wannan allurar, kuma ba daga aljihunsa ba.

Yaya ce ta ce mu yi adashi. Kowane ƙarshen wata kowa ya zuba abin da aka yanka, wanda ya kwasa ba zane ba buhun gero, gwaji da rigakafi zai yi. Shef kuma ya sa kwalin allura a jerin abin da ake ƙirgawa duk Litinin tare da magani, in ya rage biyu a aika gunduma. Ranar da ya yanke, jarka muke hudawa a wuya mu rubuta mata alama. Yawan ma'aikata da batirin sola suna nan yadda suke, waɗannan sun fi ƙarfinmu.

Ƙwaya ta 28 na sha ta a tsakiyar Oktoba. Gwajin mako shida, layi ɗaya. Na wata uku ya faɗo tsakiyar Disamba, sanyin hunturu ya shigo. Na ce Yaya ta yi mini, na juya wa teburin baya ina kallon taga. Da minti goma sha biyar ya cika ba ta yi magana ba, sai ta dafa kafaɗata ta ajiye tsinken a tafin hannuna. Layi ɗaya. Na shiga ɗakin magani na yi sujada a kan siminti, na daɗe ban ɗago ba.

Bayan mako biyu, daren 31 ga Disamba, muna aikin dare da rediyon Baba a baranda, Shugaba Paul Biya ya ce za a ɗauki ma'aikatan lafiya 9,944 cikin shekara biyar. Na sake haɗa dosiye na neman aikin gwamnati, karo na uku ke nan a rayuwata: takardar haihuwa, shaidar karatu, hotuna, tambura. Na sa kwafin takardar haɗarin nan mai gurabe biyu a ciki, ko da ba a nema ba.

Allura ta uku ta hanta ta zo a watan Maris na 2025, cikin azumi, zafin Marwa ya fara ƙuna. Na kawo ta a kula da ƙanƙara, muka jira aka sha ruwa, Yaya ta yi mini a dantse, ta jefa sirinjin a kwali tun kafin in sauke hannun riga. Kwasar adashin watan ta faɗa kan Baba maigadi, wanda shi ke kai kwalayen rami ya ƙone, shekara goma sha ɗaya ke nan, da silifa a ƙafa. Ya ce shi tsoho ne, a ba yara. Na ce, "Baba, ranar Litinin ni zan raka ka gwaji." Ya ce to, sai dai mu fita da sassafe kafin rana ta yi.